ƘURI'AR ƊAN MAJALISA SHAIDA CE, KUMA RUBUTA TA AKE YI

 

Da mutum zai tsaya a bakin Ƙofar Kwaya cikin birnin Katsina, ya tambayi masu shiga da fita sunan wakilinsu a Majalisar Dokokin Jiha, da yawa za su faɗa masa. Wasu ma za su ƙara da irin motar da yake hawa, da buhunan da ya raba a watan azumi. Amma da zai sake tambaya ya ce, to, ranar da aka kawo kasafin kuɗin asibitoci gaban majalisa, ko batun magudanan ruwa, ko dokar kare yara, wane ɓangare wakilin nan ya tsaya, sai a yi shiru. Shirun nan kuwa abin tsoro ne a addini, domin aikin da aka aiki mutumin ya yi ke nan, sauran duk ƙari ne.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ran 23 ga Satumba, 1987, babu wani zaure da ya fi wannan majalisa ikon taɓa rayuwar talaka ba tare da talakan ya lura ba. Kujerunta 34 ne. Bisa tsarin mulkin 1999, ba a taɓa kuɗin jiha sai da yardarta, kuma tana da ikon kiran kwamishina ko wani ma'aikaci ta bincike shi a kan yadda ya kashe abin da aka ba shi. Dattawa ba su manta da yadda majalisar Kaduna, sa'ad da Katsina ke cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ba, har ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Wanda ya ga wannan ya san kujerar nan ba ta ado ba ce.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umurni, a aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i, da a mayar da amana ga masu ita, kuma in za a yi hukunci tsakanin mutane a yi shi da adalci. Malaman tafsiri sun ce shugabanni ne farkon waɗanda ayar ta shafa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarril Gifari, Allah Ya yarda da shi, ya roƙi Manzon Allah muƙami, sai Annabi (S.A.W.) ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa cewa yana da rauni, al'amarin kuwa amana ne, kuma zai zame kunya da nadama ranar Alƙiyama sai fa ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa, ya kuma sauke abin da ke wuyansa. Abu Zarri ke nan, mutumin da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe. Ina ga wanda ya manna hotonsa a kowace katanga yana roƙon a ɗora masa?

Wani babban malamin ƙasar Pakistan, Mufti Muhammad Shafi'i, wanda ya rasu a 1976, ya yi bayanin cewa ƙuri'a tana da fuska uku a shari'a, watau shaida ce, ceto ne, kuma wakilci ne. Shi a kan mai zaɓe ya yi maganar, amma ta fi nauyi a kan wanda aka zaɓa. Ɗan majalisa in ya goyi bayan shirin doka, shaida ya bayar cewa akwai maslahar jama'a a ciki. In ya ƙi, ya shaida cewa akwai cuta. Idan kuwa bai karanta takardar ba, ya dai dubi inda manyan jam'iyya suka karkata ya bi, to ya shaidi abin da bai gani ba. Shaidar zur kuwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Bakrata, Manzon Allah yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kanta sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa.

To, me ya sa jama'a ba su san inda wakilinsu ya tsaya ba? Dalili shi ne yadda ake yanke yawancin al'amura a majalisun ƙasar nan. Shugaban majalisa yakan ce masu goyon baya su ɗaga murya, sa'an nan waɗanda ba su yarda ba su ɗaga tasu, sai ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Abin da za a rubuta a littafi shi ne majalisa ta amince. Ba a rubuta wane ne ya ce i, wane ne ya ce a'a, wane ne ya ɗinke bakinsa. Bugu da ƙari, kashi ɗaya cikin uku na wakilai ya isa a zauna, watau mutum 12 a majalisa mai 34, rinjayen waɗanda suka halarta kuma ya isa a zartar da yawancin batutuwa. Ashe ke nan mutum shida ko bakwai suna iya ɗaure miliyoyin mutane da doka, ba kuwa wanda zai iya nuna su da yatsa.

Akwai hanyar fita daga wannan duhu, ana kuma binta jifa-jifa. Wakili yana iya tashi ya ƙalubalanci hukuncin kunnen shugaba, ya nemi a ƙidaya mutum-mutum. An ga haka a Majalisar Dattawa a watan Yuli na 2021, a kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura: aka riƙa kiran kowane sanata da sunansa yana faɗin matsayinsa, 52 suka tsaya gefe guda, 28 suka tsaya ɗaya gefen, wasu 28 kuma ba a same su a zauren ba. Kashegari sunayen suka cika jaridu, kowace mazaɓa ta san abin da ɗanta ya yi. A majalisar Ingila kuwa al'ada ce tun da daɗewa, in an raba zaure ana buga sunan kowa da ɓangaren da ya bi.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Musulmi sun riga su. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu, domin hakan ya fi adalci, ya fi kuma nisantar da shakka. In har bashin tsakanin mutum biyu ya cancanci alƙalami, yaya za a bar hukuncin da ya shafi maganin jarirai da ruwan shan gari a cikin hayaniyar muryoyi?

Sa'an nan ga ƙissar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wadda tana cikin Muwaɗɗa da Buhari, kuma a kan al'amarin lafiya ne tsantsa. Ya fita zuwa Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sargu sai shugabannin runduna, Abu Ubaida da abokansa, suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya sa Ibnu Abbas ya kira masa Muhajirai na farko, ya shawarce su, suka rabu biyu: wasu suka ce a ci gaba tunda don Allah aka fito, wasu suka ce bai kamata a kai sauran sahabbai bakin cuta ba. Ya sallame su, ya kira Ansaru, su ma suka rabu haka. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuwa bakinsu ya zo ɗaya a kan a koma. Da Umar ya yi shelar komawa, Abu Ubaida ya tashi a bainar jama'a ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah ne za a gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, ko wanne ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su. Suna cikin haka sai ga Abdurrahman ɗan Aufu, wanda da ba ya nan, ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinta.

Abin lura a nan shi ne, yau fiye da shekara 1,400, an san wanda ya ce a tafi, an san wanda ya ce a koma, an san wanda ya yi jayayya da halifa, har wanda bai halarci farkon zaman ba an san shi. Wannan bai rage wa Abu Ubaida daraja ba, shi ne dai amintaccen wannan al'umma, kuma a cikin annobar nan ya cika. Amma zaman da aka yi makon jiya a wata majalisa, sai a rasa wanda zai ce ga matsayin wane.

Batutuwan kuwa ba ƙanana ba ne. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya da dare, ta kashe fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Katsina na cikin jihohin da ta yi wa ɓarna. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Babu shakka ajali na Allah ne. Amma kwalbati da magudana, da rijiyar burtsatse, da ma'aikatan asibitin karkara, kowannensu layi ne a cikin kasafin kuɗi, kuma wani ne yake ƙara shi ko ya rage. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ware kuɗi a takarda daban, sakinsu daban, bin sawunsu kuma shi ne aikin kwamitocin majalisa. Manzon Allah ya hana cuta da cutarwa, ya kuma tsoratar da mai yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. In wannan ne hukuncin mutum guda da ya ɓata inuwa guda, sai a auna na wanda aka ba ikon gyara magudanar unguwa duka ya yi barci.

Wata mas'ala kuma takan zo mai sarƙaƙiya, wadda mutanen kirki kan saɓa a kanta. Dokar haƙƙin yara ta tarayya an yi ta a 2003, amma ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta karɓa, Katsina kuwa ba ta yi tata dokar kare yara ba sai a 2020. A tsawon shekarun nan malamai da wakilai da dama a Arewa sun yi dari-dari da wasu sassanta, musamman abin da ya shafi shekarun aure, wasu kuma suna ganin jinkirin ya bar marayu da almajirai da yaran da ake zalunta ba kariya. Ba a nan za a warware wannan ba. Abin da ake cewa kawai, wanda ya ƙi don kishin addini ya tashi ya faɗa da sunansa da hujjarsa, wanda ya yarda don tausayin yara shi ma haka. Wanda ya yi don Allah ba ya jin kunyar a rubuta. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa.

Rashin rubutun nan ma zalunci ne ga wakili nagari. Inda babu tabbaci sai jita-jita ta yi sarauta, a zauna a majalisar bakin titi a yi wa kowa kuɗin goro, a ce duk ɓarayi ne, alhali kuwa Suratul Hujurati ta yi horo da a binciki labari, a kuma nisanci yawan zato. Mai yiwuwa akwai wanda ya yi ta fama a kwamiti don a ƙara kuɗin magani, aka rinjaye shi, ba wanda ya sani, yana tafe ana cin namansa.

Jama'a su ma suna da nasu kason. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafinsa Usulus Siyasa ne domin Malam Umarun Dallaje, mai tutar Shehu a Katsina. A ciki ya ɗora wa shugaba kula da maslahar duniyar talakawa, kamar sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi, ya kuma nuna cewa halin shugabanni yakan bi halin waɗanda ake shugabanta. Idan masu zaɓe ba sa tambayar wakili komai sai kuɗin suna da kujerar Makka da babur, to sun koya masa cewa zaman majalisa ba shi ne abin da za a tuhume shi a kai ba. Cikin mutum uku da hadisi ya ce Allah ba zai yi magana da su ranar Alƙiyama ba, akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kaɗai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware.

Tsarin mulki ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wakilin da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba da uzuri ba, kujerarsa ta faɗi. Ya kuma ba mazaɓa ikon yi wa wakilinta kiranye, in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, kodayake hanya ce mai wuya, kamar yadda aka gani a 2018 lokacin da yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye na Jihar Kogi ya rushe tun a matakin tantance sa hannu. Abin da ya fi sauƙi shi ne limamai da dattawan unguwa da ƙungiyoyin matasa su gayyaci wakilinsu sau ɗaya a shekara, cikin mutunci da girmamawa, su tambaye shi kwana nawa ya halarta, wane ƙuduri ya kawo, asibiti nawa kwamitinsa ya ziyarta, me ya ce ranar kasafin kuɗi. Su kuma roƙi majalisa ta gyara ƙa'idojin zamanta, yadda duk batun da ya shafi kasafi ko lafiya ko muhalli za a ƙidaya shi da sunaye, a buga da Hausa, a karanta a rediyo.

Wakilin da ya ga ƙasa ba ta rubuta muryarsa ba, ya koma ga aya ta 18 a Suratu Ƙaf, inda aka ba da labarin mai tsaron da ke halarce a kan kowace kalma da ɗan Adam ya furta, da kuma ƙarshen Suratu Maryam, inda aka ce kowa shi kaɗai zai je. A can ba za a kira majalisa a dunƙule ba, ba kuma za a kira jam'iyya ba. Ma'aƙilu ɗan Yasar yana kan ciwon ajali gwamna Ubaidullahi ɗan Ziyad ya zo gaishe shi, sai ya gaya masa abin da ya ji daga Manzon Allah, cewa duk bawan da Allah Ya ba kiwon jama'a, ya mutu yana ha'intarsu, Allah Ya haramta masa Aljanna. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi.