Abin da Ake Faɗa Mini Bayan Sallar Isha'i

Sana'ata sayar da magani. Ina da ɗan kemis a Tunga, cikin Minna, ba nisa da kasuwa, kuma duk wanda ya daɗe a bayan kanta ya san cinikin rana daban, na dare daban. Da rana masu zazzaɓin cizon sauro ne, da uwar da ɗanta ke gudawa, da ɗan acaɓa mai ciwon baya. In an yi isha'i ƙafa ta ɗauke kuwa, sai wani irin mai saye ya fito. Zai raɓe gefe yana latsa waya har kowa ya watse, sannan ya matso ya rage murya: "Baba, wani abokina ne fitsari ke yi wa zafi." Ni kuma in ce, "To, abokin naka yaushe abin ya fara masa? Yana ganin farin ruwa?" Sai ya amsa dalla-dalla, idonsa na kan kwalayen da ke bayana. 'Yan mata su ba sa zuwa da kansu sai abu ya ci tura. Ƙani ake aikowa da 'yar takarda a naɗe cikin kuɗi, an rubuta sunan kafso, ko a ce wai infekshan ne aka kwaso a banɗaki.

Akwai ƙaiƙayi da ruwan da ke samun mace ba tare da ta kusanci kowa ba, kuma wannan ba abin zargi ba ne. Amma akwai cutar da ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, wata ma ba ta nuna alama ko kaɗan a jikin mace har sai ta toshe mata hanyar haihuwa. Kafso huɗu da ake haɗiya a daina da zarar zafi ya lafa ba sa kashe cutar, taurin kai suke ƙara mata. In na ce a je asibiti a yi gwaji, da yawa sukan yi godiya su nufi wani shagon. Yaran nan ba 'ya'yan wasu ba ne. Namu ne, Hausawa da Gwari da Nufawa da Yarbawa, masu zuwa Islamiyya da masu zuwa coci.

Shi ya sa ba na iya yin shiru duk sanda aka tayar da maganar nan a majalisa: shin ya halatta a koya wa matasa al'amarin lafiyar jima'i ta wasan kwaikwayo a talabijin?

Abin ba sabo ba ne. Daga 1997 zuwa 2002 an yi I Need to Know, wanda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma ta ɗauki nauyi, inda aka fara sanin Funke Akindele tana fitowa a matsayin 'yar sakandare. A 2007 BBC ta kawo Wetin Dey a kan ƙanjamau. Shuga na MTV ya faro daga Kenya a 2009, ya iso Legas a 2013. Mu dai sai a 2018 abin ya taɓa mu sosai, da aka ga Rahama Sadau da Yakubu Muhammad a ciki a matsayin mata da miji, aka shigo da zancen tazarar haihuwa da auren wuri. Daga nan ne na fara jin ana cewa, ai ga shi an biyo mu har gida.

Wani malami da nake girmamawa, wanda muke sahu ɗaya da shi, ya faɗa mini hujjarsa, kuma ba hujjar wasa ba ce. Ya ce Alƙur'ani a Suratun Nur ya yi kashedi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Ya ce mazhabarmu ta Malikiyya an san ta da toshe duk ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna, ko da ita ƙofar ba haram ba ce a karan kanta. Yaron da bai san abu ba, in ka nuna masa don ka tsoratar da shi, wa ya ba ka tabbacin tsoron zai ɗauka ba sha'awar ba? Sannan ya yi tambaya a kan wanda ke biyan kuɗin wasannin, da irin tarbiyyar da yake so a ƙarshe. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk na ji, amma a ba ni dama in tuna mana karatun da kuka yi mana."

Duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya san ba a nisa ake isowa ga janaba da haila da jinin biƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ta haura shekara 1000, marubucinta ya faɗa tun a gabatarwa cewa don koyar da yara aka nemi ya rubuta ta. Amma babin farko na tsarki a cikinta ya rarrabe maniyyi da maziyyi da wadiyyi, kowanne da kamanninsa da abin da ke jawo shi. Malam zai fassara da murya ɗaya, ba dariya, ba ƙifta ido, almajiri ɗan shekara goma sha uku na gurfane yana maimaitawa. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, ya amsa mata. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini. Kunyar da Musulunci ya ɗaukaka ita ce mai hana mutum aikata mummuna. Wadda ke hana shi tambayar abin da zai tsirar da jikinsa da na matarsa, wannan mu muka ɗora wa kanmu.

Kuma mun ɗora ta da nauyi. A watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire darasin ilimin jima'i daga manhajar makarantu, a bar wa iyaye da malaman addini. Na fahimci damuwarsa. Amma ina so a faɗa mini, a gidan da uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, a wane zama ne za ta yi masa bayanin tunjere? Uban da 'yarsa ke durƙusawa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ina zai fara? Wurin da muka bari a buɗe ba ya zama fanko. Mai maganin gargajiya da lasifika a bayan mota yana faɗin abin da kunne ba ya son ji, tsakar rana, a gaban yara, ba wanda ya hana shi. Wayar da ke hannun yaro kuwa ba sai na ce komai ba.

Abin da ya rage shi ne, me ya sa sai labari, ba wa'azi kawai ba? A nan ne hadisin nan na Musnadin Imamu Ahmad ke tsaya mini a rai. Wani saurayi ya zo gaban Annabi ya nemi a yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa. Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi kusa, ya shiga tambayarsa ko zai so haka ga mahaifiyarsa, ga 'yarsa, ga 'yar'uwarsa, ga gwaggonsa, ga innarsa, ɗaya bayan ɗaya, kowacce yana cewa a'a. Saurayin nan ya san hukuncin tun kafin ya zo, ai shi ya sa ya nemi izini. Abin da ya rasa shi ne ganin aikin daga wajen wanda za a yi wa. Annabi ya sa masa fuskokin da ya sani a cikin maganar, sannan ya dafa shi ya yi masa addu'a. Wannan aikin, na sa mutum ya tsaya a matsayin wani, shi ne abin da wasan kwaikwayo mai kyau ke iyawa, wanda allon tallar gefen titi ba zai taɓa iyawa ba.

Suratu Yusuf kuma ana karanta ta a tafsirin azumi, da lasifika, mata da yara na ji. Akwai matar aure da son bawan gidanta ya kama, akwai ƙofofi da aka kukkulle, akwai riga da ta yage ta baya, akwai tsegumin matan gari, akwai kurkuku. Ba a ɓoye cewa jarraba tana da ƙarfi ba. Amma babu inda aka siffanta jikin kowa. An nuna zaɓi, an nuna abin da ya biyo baya, har aka kai inda matar ta amsa laifinta da bakinta. A gani na, ma'aunin ke nan, kuma ba daga waje muka aro shi ba.

Akwai kuma abin da aka auna. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee da ya ci kyautar Nobel a 2019, sun yi bincike tare da Bankin Duniya a kan matasa wajen 5,000 a garuruwan kudu maso yammacin Najeriya. Aka nuna wa wasu Shuga, aka nuna wa wasu wani wasan da babu ruwansa da cuta. Bayan wata takwas, zuwa gwajin ƙanjamau a cikin waɗanda suka kalli Shuga ya kusan ninka na sauran, cutar kilamidiya a cikin 'yan matansu ta ragu da fiye da rabi, haɗa abokan lalata barkatai ma ya ragu. Amfani da kwaroron roba kuwa, wanda shi aka fi tsoron za a cusa, bai ƙaru ba. Kuma waɗanda labarin ya fi shiga ransu su suka fi sauyawa.

Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ke ba malamina gaskiya ta wani gefen. In labari na shiga rai har ya sauya hali, to duk abin da aka ɗora masa yana shiga tare. Binciken a Kudu aka yi shi, kuma cuta ya auna, ba tarbiyya ba. Ni akwai wuraren da ba zan iya kallon Shuga da 'yata a ɗaki ɗaya ba: shigar, da gidajen rawa, da yadda zaman saurayi da budurwa ba aure ke wucewa tamkar ba komai, sai dai kawai a kiyaye cuta. Wasan da uba zai tashi ya bar ɗakin in an sa shi ya rasa rabin amfaninsa a wurinmu, domin maganar da ta fi muhimmanci ita ce wadda za a yi a tsakar gida bayan an kashe talabijin.

Amma ina da ƙorafi a kan namu ma, kuma ya fi ci mini rai. Sau da yawa in mai ƙanjamau ya fito a labaranmu, to mazinaci ne da asirinsa ya tonu: ya rame, ya yi tari, ya yi nadama, a ɗauki makara. Mai kallo ya tashi da fahimtar cewa cutar hukunci ce. To matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta fa? Jaririn da ya sha a nono fa? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kuma 'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka samari tsaransu fiye da sau uku. Na san wata baiwar Allah da ke ƙetare asibitocin Minna ta tafi wani gari karɓar maganinta, ta biya kuɗin mota daga cinikin ƙosai, don kada wani ɗan unguwa ya gan ta a layi. Mijin ya rasu bai taɓa faɗa mata ba. Labarin da ya mai da ita abar nuni ya zalunce ta, ya kuma koya wa na bayanta ɓoyewa, alhali addinin da muke kāre wa ya haramta ƙazafi da mummunan zato. Yau mai shan magani a kan kari yana rayuwa, yana aure, kuma haɗarin uwa ta sa wa jaririnta, wanda kan kai kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari in ba magani, yana sauka ƙasa da kashi 5.

Maganar kwaroron roba ita ce mai wuya, ba zan kauce mata ba tunda ina sayar da shi. Ga ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, ban ga abin ja-in-ja ba. Ga wanda ba shi da aure, zina haram ce, da shi ko ba shi, kuma ina so wasanmu ya faɗi haka ba tare da in-ina ba. Sai dai ba na so a yi wa yaro ƙarya cewa ba ya kāre cuta. Wanda ya saɓa wa Allah yana da ƙofar tuba a buɗe, amma tubarsa ba ta cire ƙwayar cuta daga jinin yarinyar da za a ɗaura masa aure da ita baɗi. Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da sikila. Doka ce mai kyau, amma ranar da sakamako ya fito ba yadda ake so ba, an riga an kai lefe, me iyaye za su yi, me za a faɗa wa dangi, wa zai rufa wa yarinya asiri? Doka ba ta koyar da wannan. Zango guda na wasa a Arewa24, wadda tun 2014 take shiga gidajenmu da irin su Daɗin Kowa, zai iya.

Kuma in akwai garin da bai kamata ya jira Legas ta rubuto masa ba, Minna ce. A nan Sheikh Ahmad Lemu, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Neja, da Hajiya A'isha Lemu, Allah ya jiƙansu, suka zaunar da cibiyar IET, wadda ta yi suna wajen amsa wa matasa tambayoyi masu nauyi da hujja. A nan aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Muna da NTA Minna, muna da ɗaliban jami'a a Bosso da Gidan Kwano da Kwalejin Ilimi waɗanda ke haɗa bidiyo da waya kawai. Abin da nake roƙo shi ne malami da ungozoma da marubuci su zauna a tabarma ɗaya tun ana tsara labarin, maimakon a kira malam ya yanke hukunci bayan an gama ɗauka. Ungozoma ta faɗi abin da take gani a ɗakin haihuwa, malam ya faɗi inda kyamara za ta tsaya, marubuci ya tabbatar mutanen cikin labarin suna magana yadda ake yi a Tunga da Kpakungu. A ƙarshen kowane kashi kuma a rubuta sunan asibitin da ake gwaji, da ranakun da ake yi, da cewa babu wanda zai ji sakamakon sai mai shi.