Tabarau Mai Ɗaukar Hoto Da Hukuncin Sallama

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata ziyara ce da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini kwanan baya. Yaro ne mai ladabi, ni na koya masa nahawu tun yana ƙarami, yanzu kuwa yana aiki a ƙasar waje. Ya yi sallama a ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, muka zauna a zaure tare da wasu dattawa biyu na unguwa. Muna cikin maganar wani aure da ake ƙoƙarin gyarawa kada ya mutu, ana faɗin irin abin da ba a faɗi a kasuwa, sai ɗaya daga cikin dattawan ya yaba tabarau ɗin da ke fuskarsa. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wannan ya wuce tabarau, yana ɗaukar hoto, yana ɗaukar magana." Ya danna wani ɗan maɓalli a gefensa, sa'an nan ya nuna mana hotonmu a wayarsa. Zaure ya yi tsit. Ya rantse bai ɗauki kome ba kafin wannan, ni kuwa na gaskata shi, amma maganar auren nan ba ta sake tasowa ba har aka watse.

Ga wanda bai san abin ba, ga takaitaccen tarihinsa. A shekarar 2013 kamfanin Google na Amurka ya fara sayar da wani tabarau mai kyamara, mai suna Google Glass, a kan dala 1,500. Mutanen can ba su karɓe shi ba, har wasu gidajen sinima da wuraren shaƙatawa suka hana shiga da shi, kamfanin ya daina sayar wa jama'a a farkon 2015. Abin da ya kayar da shi kuwa, kowa ya gan shi ya san na'ura ce. Daga baya kamfanin Meta, watau masu Facebook, suka haɗa kai da masu ƙera tabarau na Ray-Ban, suka fito da nasu a 2021, suka sake fito da wanda ya fi shi a 2023. Shi wannan, in ba ka ƙura masa ido ba, ba ka bambanta shi da wanda ake sayarwa a bakin titi. A farkon 2025 masu ƙera shi suka ce sun sayar da guda miliyan 2, a cikin shekarar kuma aka fito da wani mai ɗan allo a cikin gilashin, wanda mai shi kaɗai ke gani.

Ba ni daga cikin masu haramta kowane sabon abu. Ƙa'idar malamai sananniya ce, cewa asalin abubuwan amfani halal ne sai dalili ya zo da hani, kuma mun ji irin gardamar da aka sha a da a kan rediyo da lasifika, ga shi yau da su ake tafsiri da kiran salla. Tabarau ɗin nan ma yana da alherinsa. Makaho yana iya sa shi ya karanta masa rubutun da ke jikin kwalbar magani, ko ya haɗa shi da wani mai gani daga nesa ya yi masa jagora. Wanda ya taɓa riƙe sandar makaho ba zai raina wannan ba. Saboda haka magana ba a kan ƙarfe da gilashi take ba, a kan haƙƙin mutumin da ke tsaye gaban mai sanye da shi take.

Mu koma ga sallama. A cikin Suratun Nur, aya ta 27, an hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama, aya ta 58 kuwa ta ware lokuta uku, kafin sallar Asuba da tsakar rana da bayan Isha'i, waɗanda ko yaran gida ba su faɗa wa manya sai da izini. To, don me? Hadisi a cikin Buhari ya bayyana dalili. Wani mutum ya leƙa ta wata kafa a ɗakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, Manzo ya yi masa faɗa mai tsanani, ya kuma bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Watau ba ƙafar da ta taka tabarmarka ake tsoro ba, idon da ya ga abin da ba ka shirya nunawa ba. Kakanninmu sun fahimci wannan har suka gina shi da laka: zaure a gaba, shigifa a bayansa, ƙofofi ba su kallon juna, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida.

Sa'ad da kyamara ta zo, sai ta zo da irin tata sallamar, ko da yake ba da niyya ba. Mai hoto sai ya kafa ƙafafun na'urarsa, ya ce kowa ya gyara. Wayar hannu ma, duk da ɓarnar da aka yi da ita, sai an zaro ta an ɗaga. Ɗaga hannun nan shi ke ba mace damar jawo mayafi, ya ba dattijo damar haɗiye maganarsa, ya ba mai cin abinci damar goge baki. Ɗan lokaci ne ƙanƙane, amma a cikinsa mutum yake zaɓen abin da zai nuna. Sabon tabarau ɗin wannan ɗan lokacin ya share. Ɗalibina ya yi sallama, an ce ya shigo, amma izinin da na bayar na idanu biyu ne, na uku ya shigo ban sani ba.

Za a ce ai akwai 'yar fitila da ke haskawa a gefen tabarau ɗin in yana ɗauka, kuma kamfanin ya ce in an rufe ta ba zai ɗauka ba. Haka ne. Amma tun a 2021 hukumomin kare bayanan jama'a na Ayalan da Italiya suka nuna shakka ko 'yar fitilar ta isa sanarwa. Ni kuwa a matsayina na malamin harshe, abin da na sani shi ne alama ba ta zama alama sai mai yi da wanda aka yi wa sun haɗu a kan ma'anarta. In ka yi wa Bahaushe sallama da harshen Sin, ka yi ƙara ne kurum. Tsohuwa mai sayar da ƙosai da ta ga wani ɗan haske a fuskar mai saye, me za ta fahimta?

Abin bai tsaya nan ba. A 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka haɗa irin wannan tabarau da wata manhajar gane fuska, suka nuna cewa suna iya duban baƙo a tashar jirgin ƙasa, nan take sunansa da wurin zamansa su fito a wayarsu. Sun ce don faɗakarwa suka yi, ba su saki manhajar ba. Wannan shi ne tajassusi da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, watau bin diddigin abin da mutum ya ɓoye. Imamul Gazali ya kawo labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya haura katanga da dare ya iske wani a kan saɓo. Mutumin ya nuna masa cewa in shi ya yi laifi ɗaya, to Sarkin Muminai ya yi uku: ya yi leƙen asiri, bai shigo ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya ƙyale shi bisa sharaɗin tuba. Halifa ke nan, mai iko da hukunci, balle ni da kai da ba a ɗora mana tsaron kowa ba.

Wani ɗan boko zai ce, "Malam, wannan a gida ne. Titi fa? Wanda ya fito kasuwa ai ya yarda a gan shi." Ya yarda a gan shi, gaskiya ne, amma bai yarda a adana shi ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Ido yana gani ya manta. Mutum ya yi tuntuɓe a gabanka, ko ya yi fushi ya saki baƙar magana, ko ka gan shi a layin asibiti cikin halin da ba ya so, bayan mako guda ya fita daga ranka, ku haɗu ku gaisa kamar ba a yi ba. Da wannan mantuwa ake zaman tare, rahama ce da ba mu cika gode wa Allah a kanta ba. Akwai hadisi a cikin Abu Dawuda da Tirmizi da ke nuna cewa in mutum ya yi maka magana sa'an nan ya waiwaya, maganar ta zama amana. Dubi yadda waiwaye kaɗai ya isa ya ɗaure ka. Mun yi imani akwai mala'iku masu rubuta ayyukanmu, amma su ba su ƙari, ba su yanke rabin magana su bar rabi, ba su watsa ta ga duniya, kuma in bawa ya tuba Allah Yana shafewa. Abin da ya hau intanet kuwa, mai shi ya tuba ko kada ya tuba, yana nan yana jiran jikokinsa.

Akwai hujja ɗaya da ta fi ƙarfi, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Sau da yawa hoto ne ke ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa. Da wata yarinya ba ta ɗauki kisan George Floyd da wayarta ba a Amurka a 2020, da wuya a hukunta ɗan sandan da ya kashe shi. Shari'a ba ta jahilci irin wannan ba. Mawardi, a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya halatta wa mai hisba bincike in wani amintacce ya ba shi labarin za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Sai dai wannan lalura ce, ita kuwa lalura gwargwadonta ake auna ta. Wanda ya ga zalunci ya ɗauka don shaida daban, wanda ya sa kyamara a fuska tun safe yana ratsa bayin Allah ko za a dace daban. Na yarda akwai wuraren da iyakar ke da wuyar ganewa, a nan sai mutum ya tambayi zuciyarsa, in shi aka yi wa haka zai so?

Sa'an nan kada a manta, in aka tambayi tabarau ɗin abin da yake gani, hoton yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin amsa ta dawo. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, abin a yaba, amma ta fi fuskantar kamfanoni da hukumomi, ba za ta shigo zaurena ta tsaya tsakanina da baƙona ba.

Abin da nake gani, Allah ne Mafi sani, shi ne mallakar tabarau ɗin halal ne, amma nauyin sanarwa yana wuyan mai shi, da baki, da harshen da mutane ke ji, kafin ya zauna, ba bayan an gama magana ba. In zai shiga gidan mutane, ko wurin alwala, ko aji, ko ɗakin marasa lafiya, ko taron biki inda mata ke sakewa, ya cire ya sa a aljihu. In mai gida ya ce a cire, a cire ba tare da ɓacin rai ba, don aya ta 28 ta Suratun Nur ta umarci wanda aka ce masa ya koma da ya koma. Makaho da ke dogara da shi yana da uzuri, shi ma ya faɗa.

Ɗalibina ya koma wurin aikinsa, mun rabu lafiya. Amma dattijon nan da ya yaba tabarau, tun daga ranar duk baƙon da ya shigo da gilashi a fuska sai ya tambaye shi, na likita ne ko na hoto? Ayar da ta hana tajassusi kuwa da hana yawan zato ta fara. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi wa wani bawan Allah mai ciwon ido wannan tambaya, mutumin bai taɓa jin labarin abin ba, ya cire ya miƙa masa ya duba.