Kwalliyar Mata a Mahangar Addinin Kirista

Kwalliyar mata na daga cikin batutuwan da Kiristoci suka daɗe suna saɓani a kansu. Babu wata aya a Littafi Mai Tsarki da ta ambaci hoda ko jan baki ta haramta su kai tsaye, don haka kowane ɓangare yana kafa hujjarsa ne da yadda ya fahimci wasu nassosi.

Masu tsanantawa sun fi dogara da wurare biyu a Sabon Alkawari. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, Manzo Bulus ya gargaɗi mata da su yi sutura ta kamun kai, kada adonsu ya zama na kitso mai ƙawa da zinariya da tufafi masu tsada. Manzo Bitrus ma, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, ya fifita kyawun hali da natsuwa a kan adon jiki. Sukan ƙara da labarin Yezebel a 2 Sarakuna sura ta 9, wadda ta sa kwalli ta gyara kanta gab da halakarta, da kuma Ishaya sura ta 3, inda annabin ya tsawata wa matan Urushalima masu taƙama da kayan ado.

Masu sassautawa kuma suna nuni da cewa littafin bai ƙyamaci ado ba. Bawan Ibrahim ya ba Rifkatu zobe da awarwaron zinariya sa'ad da ya je nema wa Ishaku aurenta. Esta ta bi tsarin gyaran jiki na wata 12 da mai da turare kafin ta shiga wurin sarkin Farisa, kuma ta wurinta aka ceci Yahudawa. A ganinsu, abin da manzanni suka soka shi ne fahariya da nuna arziki a cikin taron ibada, inda mai hali da baiwa suke zama wuri ɗaya.

Wannan saɓani tsoho ne. Wajen shekara ta 200, Tertuliyan na Kartaj, a Arewacin Afirka, ya yi rubutu mai zafi yana cewa shafa launi a fuska tamkar gyara wa Mahalicci aikinsa ne. A ƙarni na 13, Toma Akwinas ya sassauta: ya yarda matar aure ta yi ado domin mijinta, ya kuma bambanta ƙirƙirar kyawun ƙarya da rufe tabon da ciwo ya bari. A ƙarni na 18, John Wesley ya hori mabiyansa su sa tufafi masu sauƙi, su taimaki matalauta da kuɗin da ya rage. Har yau 'yan Amish da wasu 'yan Menonait a Amurka ba sa kwalliya sam.

A Najeriya ana ganin ra'ayoyin biyu. An san cocin Deeper Life, wanda W. F. Kumuyi ya kafa a Legas, da hana mata jan baki da 'yan kunne da sarƙa. A Katolika da Angilika da ECWA da COCIN kuwa, galibi ana barin mace ta yi adonta daidai gwargwado, kuma 'yan Zumuntar Mata kan fito tsaf cikin zane iri ɗaya da ɗankwali.

Duk da haka akwai abin da kusan kowa ya yarda da shi. Tsabta da kula da jiki abin yabo ne, domin Bulus ya ɗauki jikin mai bi a matsayin haikalin Ruhu Mai Tsarki. Saboda haka fastoci da dama suke tsawatarwa a kan man bilicin, wanda ke lalata fata. Ana auna ado da abu uku: niyyar mai yinsa, abin da ya ci na dukiya, da ko ya rufe mutunci. Darajar mace a koyarwar Kirista tana ga imaninta da halinta, kuma wadda ta yi kwalliya da wadda ta bari, babu mai ikon hukunta 'yar'uwarta a kan wannan.