Ganye Kawai, Ko 'Ya'ya?

Karatu: Matiyu 21:18-22, Farawa 39:20-23

A Amurka yawancin gidaje suna da filin koriyar ciyawa a ƙofar gida. Ana ba ta ruwa, ana zuba mata taki, ana yanke ta da inji tun ba ta yi fure ba. Amma ciyawar nan tana son rana, don haka a ƙarƙashin manyan itatuwa sai ta yi ta ramewa, ƙasa ta fito fili. Yanzu wasu suna tumɓuke ta suna dasa tsiron dajin ƙasarsu, waɗanda tun asali a inuwa suke girma. Da furanni sun buɗe, sai ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su dawo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kabewa tana da fure namiji da fure mace. In ƙudan zuma bai ɗauki garin furen daga wannan ya kai wancan ba, ɗan kabewar yakan bushe ya faɗi. Haka kankana. Filin da ba ya fure, ido kaɗai yake ciyarwa.

Yesu ya ji yunwa, ya nufi itacen ɓaure, bai sami komai a kansa ba sai ganye. Ya la'anta shi, ya bushe. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kaya masu kyau ranar Lahadi da babbar murya a addu'a ganye ne. Wa ya ƙoshi ta wurinka a wannan makon?

Wataƙila kana cewa, “Ni a inuwa nake, ba wanda yake ganina.” Yusufu ma a kurkuku yake, amma Ubangiji yana tare da shi, har shugaban kurkukun ya danƙa masa dukan 'yan sarƙa. Baiwar fassara mafarki da ya yi wa mai shayarwar Fir'auna hidima da ita, ita ce ta kai shi fada. Ka daina wahalar da kanka kana kwaikwayon baiwar wani. Abin da Ruhu Mai Tsarki ya dasa a cikinka zai yi fure a inda kake. Halleluya!

Aikin yau: Ka ziyarci marar lafiya ko gwauruwa guda, ba tare da ka gaya wa kowa ba.

Addu'a: Ya Uba, ka tumɓuke duk abin da nake yi don ganin ido. Ka sa in ba da 'ya'ya a inda ka dasa ni, cikin sunan Yesu. Amin.