Baƙo da jagabansa: tafiya ƙetare ba da wayar zamani ba

A tashar motocin Maraɗi ko ta Tawa, har yanzu akan ga dattijon da zai tafi Kumasi ko Abijan, duk guzurin saninsa ƴar takarda ce naɗe cikin aljihun riga, mai ɗauke da sunan mai masauki da sunan unguwa. Kusa da shi ga saurayi riƙe da wayar komai-da-ruwanka, wadda ta san hanya, ta san farashin canji, tana kuma fassara harshe. A can Turai da Amurka kuwa an samu masu hali da ke ajiye irin wannan waya a gida da gangan idan za su fita ƙasashen waje, suna cewa sai da suka rabu da ita suka fara ganin duniya. Tambayar da ta dace malamai su tsaya a kanta ita ce: wanda ya ƙetare iyaka ba da wannan waya ba, hikima ya yi ko sakaci? Kuma wa ke biyan kuɗin wannan hali nasa?

Kafin a amsa, ya kamata a tuna abin da wayar ta gada. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayari kan yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba yana duba hanya da mashaya, malami ke riƙe da lissafi da addu'a. Idan an sauka zango, mai masauki ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Taswira da tafinta da ma'aji da ɗan aike, dukansu mutane ne masu suna da fuska. Yau duk an tattara su cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Sai dai akwai bambanci guda mai nauyi: jagaban da ya ɓatar da ayari yana jin kunya, mai masaukin da ya ci amana sunansa na ɓaci daga Katsina har Salaga, ita kuwa waya ba ta san kunya ba, ba kuma a kai ƙararta wurin sarkin zango.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Abin da ke cikin wannan magana ya wuce neman hanya. Mai tambaya sai ya yi sallama, ya gaisa, ya amsa cewa shi baƙo ne, bai sani ba. Wanda aka tambaya kuma ya samu damar yin alheri. Daga nan ake sanin juna, wani lokaci har zumunci ya ƙullu, ƴaƴa su gada. Unguwannin zango na Kumasi da Akara da irin wannan bashin alheri aka gina su. Matafiyin da wayarsa ke amsa masa kome yana iya ratsa gari guda bai buƙaci kowa ba, kowa kuma bai san da wucewarsa ba. Ya tsira daga wulaƙancin tambaya, amma ya yi asarar abin da tambaya ke haifarwa.

Akwai kuma batun hankali. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Bajamushe Heinrich Barth har Ingila a 1855, ba shi da abin ɗaukar hoto, ba shi da hanyar jin muryar gida. Ido da kunne kaɗai ya tafi da su. Da ya zauna ya ba J. F. Schön labarin abin da ya gani, sai ga ɗaya daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka rubuta da Hausa, wanda ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Ya iya ba da labarin ne domin ya kalli abubuwa da niyyar riƙe su a ka. Matafiyin yau sau da yawa jikinsa na Dubai, zuciyarsa na cikin hirar ƴan unguwarsu, ya komo da hotuna ɗari amma labari ya gagare shi. Ta wannan fuska, masu ajiye waya suna da gaskiya: tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya yarda ya bar gida da gaske.

Amma begen jiya yana da nasa ruɗi. Tsohuwar hanya ta ci mutane. Maniyyata nawa suka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, shekaru suka shuɗe, iyalansu ba su san ko suna raye ba? Matan ƴan bida nawa suka zauna jiran wasiƙa ko kaset ɗin da wani mai komowa zai kawo, aure na rataye, ba saki ba labari? Shi ma mai masauki ba kullum yake mutumin kirki ba, kuma ribar dillali wani lokaci daga jahilcin baƙo take fitowa. Binciken da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ƙaramar salula ce ma ta yi wannan aiki. Sanin da take kawowa yana kare talaka daga cuta, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

A nan ne tambayar ta koma ta haƙƙi. Mutum ba shi kaɗai yake tafiya ba, ko da shi kaɗai ya shiga mota. Uwar da ta kwana ba barci tana da haƙƙin jin an sauka lafiya. Wanda ya yanke hanyar jin labarinsa don neman natsuwar kansa, da fargabar wasu ya sayi natsuwar. Haka nan wanda ke alfahari ba ya riƙe waya, amma kowane mashigi sai ya ce wa abokin tafiya ya duba masa hanya, ya kira masa mota, bai rabu da waya ba, ya dai ɗora wa wani ɗawainiyarta. Ajiye waya yana zama hali nagari idan mai ajiyewar ya ɗauki nauyin abin da ya ajiye: ya shaida wa gida ranar da za a ji daga gare shi, ya cika alkawari ko da ta ƙaramar salula mai maɓallai, ya rubuta adireshi, ya koyi gaisuwar mutanen da za shi wurinsu.

Sai dai mafi yawan waɗanda ke ƙetare iyaka ba da wayar zamani ba, ba zaɓa suka yi ba. Babu kuɗin sayenta, ko babu karatun sarrafa ta. Su kuwa ƙofofi sai rufe musu ake yi ɗaya bayan ɗaya. Tun 2022 manhajar Nusuk ta zama babbar hanyar neman izinin shiga Rauda a Madina, tsohuwar da ba ta karatu sai ta dogara ga jami'i ko wani yaro mai waya. Daga Janairun 2023 zuwa Janairun 2025, mai neman mafaka a iyakar Amurka da Meziko ta manhajar CBP One ake so ya nemi ranar ganawa da hukuma. A Nuwamban 2025 kamfanin jiragen Ryanair ya koma ga katin shiga jirgi na cikin waya maimakon wanda fasinja ke bugawa a takarda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare yana da hujjarsa: rage cunkoso, rage kuɗi, sauri. Amma idan ibada, ko mafaka, ko kujerar da aka riga aka biya ta rataya ga mallakar na'ura, to an sa wa haƙƙi farashi. Laifin a nan ba na matafiyi ba ne, na wanda ya gina ƙofa ɗaya tak ne alhali ya san ba kowa ke da mabuɗinta ba.

Ita ma wayar tana da iyakarta. Caji na ƙarewa, ɓarawo na fizgewa, rezo na yankewa. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. A irin wannan wuri ran matafiyi yana hannun amanar direba da sanin rijiya, kamar yadda yake a zamanin ayari. Ko a cikin birni, saurayin da bai haddace lambar kowa ba, ranar da wayarsa ta ɓace a Gwanzu ko Santambul ya fi dattijon nan mai ƴar takarda shiga uku.

Ashe ma'aunin da ya dace shi ne: idan wayar ta mutu a tsakar hanya, matafiyin zai iya isa inda ya nufa, kuma na gida za su ji labarinsa? Wanda amsarsa i ce, riƙe waya ba ya cutar da shi, ajiye ta ma ba ya cutar da kowa. Wanda amsarsa a'a ce, bai shirya tafiya ba, kome tsadar abin da ke aljihunsa.

Aikin da ya rage na malamai ne da ƙungiyoyi. A makaranta ana iya koya wa yaro ya haddace lamba biyu ko uku, ya rubuta adireshi da hannunsa, ya karanta allon tasha, ya san yadda ake tsayar da babba a tambaye shi hanya cikin ladabi. Ƙungiyoyin ƴan ƙasa mazauna Kumasi da Kwatano da Abijan su riƙe al'adar masauki, kada su bar ta ga manhaja. Masu shirya tafiyar alhazai da masu sayar da tikiti kuma a riƙa tuna musu su bar taga guda a buɗe, inda mutum zai miƙa takarda, wani mutum ya karɓa.