Ɗana, Kada Ka Ɓoye Sakamakonka

Ɗana, na san halin da kake ciki. An liƙa sakamako, ka bi lambarka da yatsa, ka tarar da F guda biyu ko uku sun yi maka sallama. Ka koma ɗaki ka lulluɓe da rana tsaka. Da mahaifiyarka ta kira ta tambayi makaranta, ka ce mata lafiya lau. To wannan lafiya lau ɗin ta fi faɗuwar tayar mini da hankali.

Ni ma na taɓa yin ta. A shekarata ta biyu a jami'a na faɗi wani kwas na ƙididdiga, kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Ban je wurin malamin ba, ban nemi kodinetan ajinmu ba, a gida kuwa ko a fuska. Na sake zama jarrabawar da irin shirin da ya kayar da ni, na sake faɗuwa. Kari-oba ɗaya ta haifi sifil-oba, abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni ina nan ina zaga tsangaya kamar baƙo. Ranar da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ji labari, faɗuwar ko a jikinsa. Ɓoyewar ce ta sa ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da daɗin rai.

Yanzu ɗauko takarda da biro mu yi lissafi, don al'amarin nan lissafi ne. A mafi yawan jami'o'inmu A maki 5 ce, daga 70 zuwa sama; B maki 4, C maki 3, haka har zuwa F da ba ta da komai. CGPA kuwa, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, tara take yi tun daga zangon farko har na ƙarshe, ba ta mantuwa. A ce ka gama aji ɗaya da 2.00, kana burin fita da daraja ta biyu ta sama, wadda kuke kira tu-wan, wato 3.50. In digirin na shekara huɗu ne kuma nauyin kwasa-kwasan shekarun ya yi kusan daidai, abin da kake bukata shi ne matsakaicin 4.00 a shekaru ukun da suka rage. B kawai. Da wuya, amma mutane na yi. In kuwa ka yi ta jan ƙafa har ka gama aji uku a kan 2.00 ɗin nan, ko A ka share a kowane kwas a shekarar ƙarshe ba za ka wuce 2.75 ba. Ka ga ashe icen tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ka lura da nauyin kwas: mai yunit uku ya ninka mai yunit ɗaya sau uku wajen ɗaga ka ko dannewa, amma sai ka ga yaro ya kwana a kan ƙaramin don shi ya fi yi masa daɗi.

Sai ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, me ya kayar da kai. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu Turanci ne, ba daƙiƙanci ba. Malami na zuba lakca, yaro na gyaɗa kai, rabin kalmomin sun wuce shi. Sai ya koma ya haddace handawut kamar aku, malami ya juya tambaya kaɗan, ya tsaya yana cizon biro. Gwajin mai sauƙi ne: rufe takarda, ka yi wa abokinka bayanin darasin da Hausa. In ka iya, ka gane, saura ka mayar da shi Turanci. In ka kasa, ba ka karanta ba tukuna, kallo ka yi.

Ga kuma al'adar nan taku ta karatun kwana, a tara wata uku ba a buɗe littafi ba, sai jarrabawa ta rage mako guda a shiga aji da shayi da goro har asuba. Kai da ka yi makarantar allo, yaushe ka taɓa ganin gardin da ya yi hadda a dare ɗaya? Kullum sai ya wanke allo, kullum sai ya yi tilawar baya. Awa biyu bayan sallar asuba, kowace rana, sun fi kwana bakwai na rashin barci. Kada kuma ka raina tes da asainimen. Maki 30 ko 40 ke nan cikin ɗari da ake tarawa kafin a shiga zauren jarrabawa, wanda ya zubar da su ya shiga kokawa da hannu ɗaya.

In yunwa ce ko kuɗin rajista, wannan ba abin kunya ba ne, ka faɗa. Tun 2024 asusun NELFUND ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, biya sai an yi shekara biyu da gama bautar ƙasa. Ka bincika, ka yi shawara da mahaifinka.

Abu ɗaya ne zan haɗa ka da Allah a kansa: satar amsa. Kari-oba in ta yi tsanani shekara take ci, in aka kama ka da takarda a safa kuwa kora ce, da sunan gidanku a bakin mutane. Haka ma mai cewa ka kawo kuɗi a gyara maka maki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san wataƙila likitanci ka cike a JAMB aka ba ka kimiyyar tsirrai, zuciyarka ba ta taɓa zama a ajin ba. In dokar makarantarku ta ba da damar canjin kwas kuma makinka ya kai, nema. In ba hali, riƙe wanda ke hannunka da kyau, don masu ɗaukar aiki da yawa darajar digiri suke fara dubawa kafin su ga fuskarka. Lokaci ma ba naka ba ne kai kaɗai: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi maimakon kakin bautar ƙasa. In an sake rufe makaranta kada ka ƙare a majalisar unguwa. Koyi kwamfuta, ko ɗinki, ko haɗa sola, ko ka zauna a shagon kawunka ka ga yadda ake riƙe ciniki.

Ranar Litinin ka je ofishin kodinetanku da sakamakonka a hannu, ku zauna ku tsara abin da za ka ɗauka da abin da za ka jinkirta. Amma kafin nan, yau bayan isha'i, ɗauki waya ka kira Baba. Gaya masa guda nawa ka faɗi.