Wanda Ya Kunna Wutar, Shi Zai Biya

A shekara ta 2009, a birnin Kofanhagen, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara domin taimakon ƙasashe matalauta a kan sauyin yanayi. Wa'adin 2020 ya wuce ba su cika ba. A 2024, a birnin Baku, aka ɗaga adadin zuwa biliyan 300. Tambayata ita ce: wannan kuɗi sadaka ce ko diyya?

Littafin Fitowa, sura 22 aya 6, ya yanke hukunci a kan mutumin da wutarsa ta ƙetare ta cinye hatsin maƙwabcinsa: wajibi ne ya biya. Shari'ar ba ta tambayi nufinsa ba, ɓarnar ta duba. Afirka kuwa, hayaƙin da take fitarwa kusan kashi 4 ne kawai cikin 100 na duniya, amma fari da ambaliya suna cin gonakinta. Saboda haka abin da ake ba ta diyya ce. Wanda kuma ya mayar da diyya rance mai ruwa, ya ƙara zalunci a kan zalunci.

Sai dai wannan hukunci ya hau kanmu mu ma. Ku dubi rafin Jakara, wanda ya ratsa Fagge, ya bi gefen Sabon Gari, ya nufi madatsar Wasai. Ledar da muke zubawa a kwata, da baƙin man injin janareta, can suke tafiya. A ƙasa da mu akwai masu lambu da suke shayar da latas da alayyafo da wannan ruwa. A wurinsu, mu ne masu kunna wutar. Da wane baki za mu nemi diyya daga Turai da Amurka, alhali muna ƙin biyan mai kwashe shara?

Wani zai ce talauci ya yi mana yawa. Gaskiya ne. Amma Zakka bai jira kowa ba kafin ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu. Tuba ta gaskiya tana taɓa aljihu. Bari kowace ikkilisiya ta keɓe wani kaso na baiko domin yashe kwata kafin damina, da dasa itatuwa.

Ya Ubangiji, ka nuna mana gonar da wutarmu ta ci, ka ba mu zuciyar biya. Amin.